Ƙullin Rijiya a Gindin Maɗaci

Tun da na dawo daga Faraku ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayinmu na Iku, nan Suleja, sai wani ya jawo benci ya ce, "Isuhu, yaya ƙasar Faransa?" Na gaji da gaya musu ba Faransa na je ba, Jamhuriyar Binin ce, ga ta nan bayan Kwara. Wannan ya ce in ba shi labarin burodinsu, wancan ya ce wai da gaske ne manya da gemunsu suke hawa bishiya, ba don mangwaro ba, ba don zuma ba? Ni kuwa sai in yi yaƙe in ce ina da aiki. To, yau na daina zillewa. Zan faɗa muku duka, har da dalilin da ya sa maƙwabcina Chinedu ya daina fita aiki, don da hannuna a ciki dumu-dumu.

Ga wanda bai san ni ba, haƙar rijiya ce sana'ata, gadonta na yi. Chinedu kuwa mutumin Anambara ne, ɗakin hayarsa yana kallon nawa. Aikinsa hawa dogayen ƙarafunan sabis na waya a Abuja, da shi yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa. Ni ina neman abinci a ƙarƙashin ƙasa, shi yana nema a sama, igiya ce ta haɗa mu abota. Yana da wasu abokai da suke shiga daji ranar Asabar su hau bishiya don nishaɗi kawai. Da aka gayyace su taron masu irin wannan wasa a Binin, abokin tafiyarsa ya fasa, sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Oga Isuhu, abeg ka raka ni. Sun ce dole kowa ya zo da mutumin ƙasa."

"Mutumin ƙasa kuma?"

"Wanda zai tsaya a gindin itace ya kula da igiya. Ran mai hawa a hannunsa yake. Ni duk Suleja ban ga wanda ya san igiya kamar kai ba."

Wannan maganar ta shige ni fiye da yadda ya kamata. Tun kafin ya rufe baki na fara tunanin kaftanin da zan sa.

A Lambata muka canja mota zuwa Bida. Kun san hanyar, ba sai na ɓata bakina ba. Tireloli sun jeru kamar masu zaman makoki, mu kuma muna ratsa tsakaninsu. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar Bida mai sayar da tukwanen ƙarfe, irin matan nan da ba sa barin tambaya ta kwana a cikinsu. Ta dubi manyan jakunkunanmu, ta ga bakin igiya ya leƙo, ta ce ko fataucin shanu za mu. Na gyara murya na ce a'a, aikin kamfani ne a ƙasar waje. Sai Chinedu, da yake Allah bai ɗora masa kunya a wannan fannin ba, ya leƙo daga baya ya ce, "Mama, itace za mu hau. Wasa kawai."

Ta dube shi, ta dube ni daga hula har takalmi. "Shi dai yaro ne. Kai fa, Malam, da furfurarka?"

Duk motar ta kwashe da dariya. Har muka isa Bida, in an wuce wata babbar bishiya sai direba ya rage gudu ya ce ko za mu sauka a nan.

Mun kwana a Ilorin a wani masauki na bayan tasha, inda famfo yake tari amma ba ya kawo ruwa. Da safe na ci amala da miyar da ta fi ƙarfin harshena, muka kama hanyar Saki, daga nan sai Cikanda, bakin iyaka. A ɓangarenmu ba a tsayar da mu da yawa ba. A nasu ne wani jandarma dogo ya zazzage jakunkunanmu a kan tebur: igiyoyi, hulunan kwano, ƙugiyoyin ƙarfe masu makulli, da ɗamarar da mai hawa yake sa wa a ƙugu da cinyoyi. Chinedu ya yi bayani da Turanci, jandarma ya amsa da Faransanci, ba wanda ya ji wani. Ƙarshe ya yi nuni da hannu a gwada masa. Maimakon Chinedu ya sa abinsa, sai ya ɗaura mini a kan sabon kaftanina. Shaddar ta tattare ta cushe tsakanin ƙafafuna, ga hular kwano a kan hular zanna. Matan da ke sayar da lemo a wurin har da masu riƙe ciki. Jandarman ya yi dariya har ya share hawaye, ya buga mana hatimi ya ce mu wuce. Da mutuncina na biya kuɗin shiga ƙasar nan.

Faraku gari ne mai tsabta, ba hayaniya kamar tamu. 'Yan acaɓarsu duk riga iri ɗaya suke sawa, da lamba a baya, ba kamar namu da in ya kayar da kai ya gudu sai dai ka bar shi da Allah ba. Da rana ta take sai ka ga an rurrufe wurare an tafi cin abinci da hutawa, ko kai ne da kuɗi a hannu sai ka jira. Burodinsu dogo ne siriri mai tauri, a hammata ake ɗaukarsa ba leda, ranar farko sai da ya yanke mini dasashi.

An sauke mu a wata gona ta koyar da aikin daji a wajen gari. Ɗakin ba laifi, sai dai na duba ko'ina ba buta. Ina ta zagaye da gorar ruwa a hannu sai na ji an ce, "Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Alwala za ka yi?" Wata dattijuwa ce, Inna Ramatu, mai dafa abincin wurin. Kakanninta fataken goro ne daga Katsina, suka yada zango ba su koma ba. Hausarta tsohuwa ce mai daɗi, sai dai makaranta lakwal ce a bakinta, agogo kuma mantur. Ta ba ni buta, ta nuna mini gabas, ta ce kada in damu da ɗanyen ganyen da Turawan taron suke ci, ta ajiye mini sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen wagashi, wato cukun Fulanin can. Wallahi ban taɓa cin sakwara mai laushin wannan ba, ko a gidan Chinedu.

Shugabar taron wata gajeriyar mata ce 'yar ƙasar, Madam Odil, tsohuwar ma'aikaciyar gandun daji. Ba ta ɗaga murya, amma in ta yi magana kowa tsit yake. Tana yin Faransanci ta maimaita da Turanci, Chinedu ya juya mini da Hausa. Ina so ku riƙe wannan: ba abin da ya wuce ni. An fassara mini komai, na kuma gane.

Ta nuna yadda ake jefa 'yar jaka mai nauyi da siririn zare ta tsallake reshe, sannan a ja babbar igiya da zaren. Ba kowane reshe ba: sai mai rai, wanda ya fi cinyar mutum kauri, kuma igiyar ta zauna a kusa da uwar bishiya, ba can bakin reshe ba. Kafin kowa ya hau, mutum biyu za su rataya a jikinta tun daga ƙasa su ji ko reshen zai yi ƙara. Har wata riga suke zura wa igiyar a inda take gogar reshe, wai kada ta ji wa bishiyar ciwo. Na ce a raina, mu da muke sare reshe don ya tare mana hasken shago, ga masu tausayin ɓawo. Duk wannan ya burge ni.

Inda muka raba hanya shi ne ɗaurin gindi. Igiya ta tsallake reshe, gefe ɗaya mai hawa yana jikinsa, ɗaya gefen kuma ya sauko a ɗaure shi a gindin bishiya. Sai na ga ta zagaya gindin da wani faffaɗan bel, ta maƙala ƙarfe, ta naɗa igiyar a jikin ƙarfen, ta rufe da ɗaurin zarge, irin wanda in ka ja bakinsa yake warwarewa. Ta ƙara wani ɗan ƙulli a kansa, ragowar igiyar kuma, mai tsawon gaske, ta zuba a jaka ta ajiye a wurin. Ta ce hikimar ita ce, in wani abu ya sami mai hawa a sama ya kasa sauko da kansa, mutumin ƙasa zai kwance ɗan ƙullin, ya ja zargen, ya riƙa sakin igiyar a hankali ta jikin ƙarfen har ya sauke shi.

A gidanmu ba a ɗaure igiyar da mutum yake jikinta da zarge. Zarge na akuya ne da guga. Ina saurayi na taɓa yi a bakin wata rijiya a Tafa, babana, Allah ya jiƙansa, ya kwaɗa mini marin da har yau ina tuna ɗuminsa. A rijiya, bakin igiya ɗaure shi ake a turke ɗaurin da ba mai kwance shi sai an tashi aiki. In na ciki ya sami matsala, ƙarti ne za su ja shi sama da hannu. Na sa Chinedu ya gaya mata haka. Ta saurara da kyau, ta nuna mini ɗan ƙullin da ke tsare zargen, ta ce in ja da duk ƙarfina. Na ja, bai motsa ba. Na gyaɗa kai don kunyar idon mutane, amma zuciyata ba ta yarda ba. Gani nake mata ce ta karanta igiya a littafi, ni kuwa a cikinta aka haife ni.

Ranar farko ta wuce lafiya. Har ni aka sa na hau wata 'yar bishiya, silifas ɗina ya suɓuce ya faɗa a kafaɗar wani Bature, ya miƙo mini da godiya kamar ni na yi masa kyauta.

Washegari aka koma wani ƙaton maɗaci a bakin gonar. Da safe Madam ta duba ɗaurin kowa da hannunta, aka hau aka sauko, aka tafi cin abincin rana aka bar igiyoyi a rataye. Ni na riga kowa komowa bayan na yi azahar. Ina zuwa na tarar da wata akuya ta sa baki tana taunar madaukin zargen Chinedu tana ja. Ba ta kwance komai ba, gaskiya. Amma ni abin da nake jira ke nan. Na kore ta, na cire ƙarfen, na zagaya igiyar a jikin maɗacin, na yi mata ƙullin rijiya, irin wanda nauyi yake ƙara wa tauri. Ragowar igiyar ma na naɗe ta a gindin na ɗaure tamau. Sannan na ɗauki jakar na jingina a kan ƙullin. Na sha gaya wa kaina don akuya na yi haka. Ƙarya ne, don kada Madam ta gani ne.

Da aka dawo Chinedu ya sa ɗamararsa. Al'adarsu ce mai hawa ya tambayi mutumin ƙasa kafin ya ɗaga ƙafa.

"Oga Isuhu, ƙasa lafiya?"

"Lafiya lau. Hau abinka, yau ka fi kowa tsaro."

Ya yi dariya ya hau. Ya wuce inda ya tsaya da safe, ya miƙa wani reshe da ba wanda ya je. Ashe akwai kogon zuma a bayansa. Ihunsa muka fara ji, sannan muka ga yana kaɗe-kaɗe, ƙudan sun yi masa baƙi a kai da wuya. Ya yi ƙoƙarin sauko da kansa, ya zamo kaɗan, sai hannunsa ya saki. Ya rataye a jikin ɗamara, kansa ya langaɓe, yana juyawa a hankali.

Madam ta sheƙo da gudu tana faɗin a sauke shi. Ta ture ni, ta yaye jakar, ta miƙa hannu inda zarge ya kamata ya kasance. Hannun ya tsaya a iska. Ta ɗago ta dube ni. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na durƙusa na kama ƙullin da farce, da haƙori. Ni na san ba zai kwance ba, ai don haka na yi shi. Nauyin Chinedu gaba ɗaya yana kansa. Na zaro wuƙa, wani ya riƙe mini hannu, don in na yanke daga can sama zai faɗo. Ina durƙushe ina salati, ita kuwa ta riga ta yafa mayafi a fuska ta kama tata igiyar da ke ɗaya gefen bishiyar. A gabanmu ta shiga cikin ƙudan nan. Ta isa gare shi, ta maƙala shi a jikinta, ta raba shi da igiyarsa, suka sauko tare. Abin da zarge zai yi kafin a ƙifta ido, sai da ya ɗauki lokacin da na ji kamar ba zai ƙare ba. Da suka taɓa ƙasa fuskarsa ta kumbura ba ka gane shi, numfashinsa yana fita da ƙyar, da wani sauti da ba na son tunawa.

Aka sa shi a motar gonar zuwa asibiti. Aka yi masa allurai, aka sa masa ruwa. Likitan ya ce jikinsa ba ya jure harbin zuma, maƙogwaronsa ya kusa rufewa, an kawo shi a kan gaɓa. Madam tana zaune a benci ɗaya da ni, idonta ɗaya a rufe don kumburi, hannayenta kamar an hura. Na buɗe baki in ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu ta ce gobe.

A nan ne na ga al'adar da ta fi ba ni mamaki a duk tafiyar. Mu a gida, in mutum ya yi irin wannan, ɗayan biyu ne: ko a taru a yi masa tatas a wuce wurin, ko manya su ce a rufa masa asiri. Su ba sa yin ko ɗaya. Da safe aka tara kowa a gindin maɗacin, ƙullina yana nan ba a taɓa shi ba. Aka zauna a da'ira, aka kira Inna Ramatu ta yi mini tafinta. Madam ta ce in faɗi abin da na yi, daki-daki, da abin da nake tunani lokacin da nake yi. Na faɗa, har da jakar. Ba wanda ya yi tsaki, ba wanda ya harare ni, wasu ma rubutawa suke. Sannan ta ce kowa ya zo ya gwada kwance ƙullin, don ya san kamanninsa in ya sake ganinsa. Suka yi layi. Ba wanda ya iya. Ta ce ƙulli ne mai kyau, ta yarda a rijiya ba kamarsa, ita ma ta yi kuskure da ba ta sake dubawa bayan abinci ba. Wato har laifin nawa sai da ta ɗauki wani ɓangare ta ɗora wa kanta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka watse Inna Ramatu ta tsaya. "Ɗan'uwa, ka ci abinci kuwa?"

"Inna, ba zan iya ba."

"Za ka iya. Wanda ke asibiti yana bukatar mai ɗaukar masa jaka." Ta ajiye kwanon ta tafi abinta.

Da aka sallami Chinedu muka kamo hanya. Ni na ɗauki jakunkunan duka. A bakin iyaka jandarman nan ya gane ni, ya yi nuni da ƙugunsa yana dariya, na kasa ko murmushi. Na ba Chinedu haƙuri a Nikki, na sake ba shi a Saki, a Mokwa ma na fara, sai ya ce, "Oga Isuhu, e don do. Ka bar shi. Na san don ni ka yi." Bai ƙara tayar da maganar ba, bai kuma gaya wa kowa a gida ba. Matarsa zuma kawai ta sani.

Kumburi ya saɓe, ya koma aiki. Ran da ya koma, tun kafin la'asar na gan shi ya dawo. Ya ce ya sa ɗamara, ya kama ƙarfen sabis ɗin, ya hau bai fi tsayin ɗaki ba sai ya ji kamar yana rataye yana juyawa, dole ya sauko. Ya sake gwadawa wani satin, haka. Kamfanin suka yi masa haƙuri iya nasu, daga baya suka ɗauki wani. Mutumin da yake hawa inda tsuntsu ke tsoro, yanzu ko tsani ba ya takawa. Kullum da safe in na fito da diga da igiyata yana zaune a ƙofar ɗaki, shi yake fara gaishe ni.

Ranar Talatar da ta wuce ya biyo ni har bakin titi. Ya daɗe yana kame-kame kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Oga Isuhu, aikin rijiya ɗin nan, kana bukatar mutum? Sama ta ƙi ni. Wataƙila ƙasa za ta karɓe ni. Yara suna gida, makaranta ta kore su."

Na ce akwai aiki, amma mai wuya ne, ga zafi ga duhu. Ya ce ya sani. Na ce to, zan haɗa shi da abokin aikina Bala, shi zai riƙa ɗaure masa igiya yana tsaya masa a sama, don na san ba zai so ni ba, kuma yana da gaskiya.

Ya girgiza kai. "A'a. Kai nake so. Na ga ƙullinka, ba ya kwancewa."

Na dubi fuskarsa ko gatse yake yi mini. Wallahi ba gatse ba ne, da zuciya ɗaya ya faɗa. Na juya na yi kamar ina gyara igiyar kafaɗata, don kada ya ga idona.